Wata biyar da kaluluwa a wuyan maigidana, har yau "ku jira" ake ce mana

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Daura, 'ya'yanmu uku. Maigidana malamin makaranta ne, shekarunsa 36. Wata biyar ke nan da kaluluwa ta fito masa a gefen wuya, ba ta ciwo amma ta ƙi sauka, har wata ta ƙara fitowa a hammata. Da farko maganin kemis ya yi ta sha. Da muka je asibiti aka ce ana zaton tibi ne na kaluluwa, aka ɗora shi a kan magani. Ya sha wata biyu ba sauƙi, sai rama da zufar dare har sai na canza zanin gado. Daga nan aka tura mu wani babban asibiti, aka ciri kaluluwa ɗaya don gwaji. Bayan mako uku sakamako ya ce ana zargin limfoma, wai wani nau'in ciwon daji ne, amma sai an yi ƙarin gwaji a wani gari kafin a fara magani. Yau mako huɗu da biyan kuɗin, kullum "bai dawo ba". Ganin likitan jini ma sai wata mai zuwa aka ba mu rana.

A gida kuma kai ya rabu. Hajiya mahaifiyarsa ta ce daji ba ya son ƙarfe, mu muka jawo da muka bari aka yanka shi, a kai shi wurin mai magani. Wansa ya ce a sayar da gonar gado a tafi Masar. Wani abokinsa ya kawo masa ƙwayar dekza mai rage kumburi daga kemis, kumburin ya ɗan sauka, sai kowa ya ce ga sauƙi ya samu. Shi kuma ya ce in bar likitoci su yi aikinsu, kada in zama mai naci. Anti, haka jiran nan yake ga kowa, ko sakaci ake mana? Ina tsoron ranar da sakamakon zai zo a ce an makara. In na matsa a ce na raina surukai, in na yi shiru kuma raina ba ya kwanciya.

Wata baiwar Allah, daga Daura

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba maigidanki lafiya, Ya sa kaffara ce. Na karanta wasiƙarki na ga mace da ke kwana tana canza zanin gado, ta wayi gari tana lallashin kowa a gida, ita kuma babu mai lallashinta. Tsoronki yana da dalili, kuma abin da kike yi ba naci ba ne. Amsar tambayarki gida biyu ce: wani ɓangare na jiran nan dole ne, yana cikin maganin kansa, wani ɓangaren kuma ya wuce iyaka, ya kamata a bi sawunsa a makon nan.

Amma kafin maganar jira, akwai wadda ta fi gaggawa, wato dekza. Wannan ƙwaya da 'yar'uwarta firednisolon suna narkar da kumburin limfoma na ɗan lokaci, shi ya sa ma firednisolon take cikin haɗin magungunan da likitoci ke ba masu cutar. Ita kaɗai kuwa ba ta warkarwa. Kamar yayyafa wa garwashi ruwa ne, sama ya yi baƙi, ƙasa na ci. Illarta a yanzu babba ce: in buƙatar sake cirar kaluluwa ta taso, maganin yana iya sauya kamannin tsokar har mai duba ta ya kasa gane abin da ke ciki, a koma baya da makonni. Tana kuma ɓoye zazzaɓi, tana ɗaga sukari, tana raunana garkuwar jiki. Sai dai kada ki ƙwace ƙwayar ki zubar yau. Wanda ya kai mako biyu ko uku yana shanta, ba a yanke masa ita rana ɗaya, a hankali ake ragewa. Ku ɗauki kwalin ku kai wa likita, ku faɗa masa gaskiyar ranar da ya fara da yawan da yake sha, ba tare da jin kunya ba. Haka ma maganin tibi, ku tambaya ko a ci gaba ko a tsaya, kada ku yanke hukunci a gida.

To, me ya sa ba a fara magani ba alhali an riga an ambaci sunan cutar? Saboda limfoma suna ne na dangi guda. Nau'o'inta sun haura 60, an kasa su manyan gidaje biyu, wanda za ki ga an rubuta Hodgkin a takarda da wanda ba Hodgkin ba, kuma kowane da irin maganinsa. Mai Hodgkin yawanci ana ba shi haɗin da ake kira ABVD, duk bayan mako biyu. Nau'in da manya suka fi samu a ɗaya gidan kuma ana ba shi R-CHOP, duk bayan kwana 21, galibi sau shida. Harafin R ɗin nan maganin rituksimab ne, shi ya fi sauran tsada, kuma ba ya aiki sai in ƙwayoyin cutar suna ɗauke da wata alama da ake kira CD20. Ƙarin gwajin da kuka biya, wanda a takarda ake rubutawa IHC, shi ke nuna waɗannan alamomi. In aka fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar daji, ba tare da shi ba, ana iya ba mutum abin da ba nasa ba, ya sha wahalar maganin, kuɗi su ƙare, cutar tana nan. Likitan da ya ce sai an ga sakamakon bai yi muku sakaci ba a wannan gaɓar.

Gudun nau'o'in ma ba ɗaya ba ne. Akwai na Burkitt, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, ya fi kama yara a muƙamuƙi ko a ciki, yana iya ninka girmansa a kwana ɗaya ko biyu, don haka shi kwanaki ake ƙirga masa. Akwai masu tafiyar hawainiya da likita zai iya sa wa ido shekaru bai ba da magani ba. Daga wasiƙa ba a gane wanda maigidanki ke da shi, amma zufar da ke jiƙa gado da rama alamu ne da likitocin jini ke ba muhimmanci, musamman in mutum ya zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a wata shida. Mai irin waɗannan alamu ba a ajiye shi a ƙarshen layi. Game da "an makara" kuwa, ki ɗan sassauta wa zuciyarki. Hodgkin da wannan nau'in da manya suka fi samu suna cikin ciwon dajin da ake warkewa daga gare su da magani, har in sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar wuya da hammata. Alkawarin lafiya na Allah ne, amma fitowar kaluluwa ta biyu ba ta nufin ƙofa ta rufe.

Wata biyun da aka yi ana shan maganin tibi sun yi ciwo, na sani. Tibin kaluluwa da limfoma suna kama da juna ƙwarai, zazzaɓi, zufar dare, rama, kumburi marar zafi, ga tibi ya yi yawa a ƙasar nan, shi ya sa ake yawan faɗawa wannan ramin. Alhamdu lillahi da aka farga aka ciri tsokar. Ki bar wannan a baya, ƙarfinki yana da wurin zuwa.

Inda nake ganin jira ya zarce shi ne mako huɗun nan da ba rana ba wata. Tsokar da aka cira ana jiƙa ta a sinadari, a daskarar da ita cikin kaki irin na ɗakin gwaji, a yanka siriri a rina a duba, wannan a bisa al'ada mako ɗaya ne zuwa biyu. Aikin IHC kansa, in kayan aiki na nan, na kwanaki ne. Abin da ke cinye lokaci shi ne a tara samfura kafin a aika, ko sinadari ya ƙare, ko takarda ta maƙale a wani tebur, ko a ce ba a ga shaidar biya ba, ko yajin aiki. Wani lokaci ma sakamakon ya dawo yana kwance, babu wanda ya duba. A Ingila, hukumar lafiyarsu ta sa wa kanta ma'auni: wanda ake zargin yana da ciwon daji a gaya masa eh ko a'a cikin kwana 28, a fara masa magani cikin kwana 62 daga ranar da aka tura shi da gaggawa, kuma kada a wuce kwana 31 bayan an tsayar da irin maganin da za a yi. Su ma suna yawan kasa cikawa, kuma wannan ba dokarmu ba ce. Na kawo miki ne don ki ga abin da masana ke ɗauka jira mai ma'ana, ki san tambayarki ba rashin haƙuri ba ce.

Ga abin da nake so a yi. A daina tambaya a tagar karɓar kati, don wanda ke wurin bai san komai ba sai "bai dawo ba". A je sashen gwajin tsoka kansa, da rasidin biya da lambar samfurin da ke saman sakamakon farko. A tambaya cikin ladabi: an aika samfurin kuwa, ran nawa ga wata, zuwa wane ɗakin gwaji, me ake jira, kuma wace rana za mu dawo? A rubuta sunan ma'aikacin da ya amsa, a roƙi lambar da za a riƙa kira. In an kasa ba ku rana, ku roƙi a ba ku aron dunƙulen kakin da tsokar ke ciki da gilasan da aka duba, tare da wasiƙa, ku kai da kanku wani asibitin koyarwa da ke yin gwajin, bayan kun kira kun tabbatar suna da sinadarin a lokacin. Ana yin haka, kuma ba sai an sake yanka shi ba. Dunƙulen ba ya lalacewa a tafiya, sai dai kaki ne, kada a bar shi a mota cikin rana. In an yi ta juya ku, manyan asibitocin tarayya suna da teburin SERVICOM na karɓar koke, ku kai maganar a rubuce da ranakun komai.

Ranar ganin likitan jini ma ana iya jawo ta. Ku koma wurin likitan da ya ciri kaluluwar, ku gaya masa zufar da ramar suna ƙaruwa, ku roƙi wasiƙar gaggawa, ko ya kira abokin aikinsa da kansa. Kiran likita ga likita yakan yi abin da zirga-zirgar mako uku ba ta yi ba. Sakamakon farko da ke hannunku ya isa a gan shi da shi, ba sai IHC ya dawo ba. Amfanin hakan shi ne akwai tarin gwaje-gwajen da dole a yi kafin kemo, kuma babu dalilin jera su ɗaya bayan ɗaya: ƙirgen jini, aikin ƙoda da hanta, wani gwajin jini da ake kira LDH, hoton zuciya, sikanin CT na wuya da ƙirji da ciki, wani lokaci da ɗibar ɓargo. Za a gwada ciwon hanta nau'in B da C, domin rituksimab yana iya tayar da nau'in B da ke kwance a jiki, sai an haɗa da maganin kariya. Za a gwada HIV, kuma ki gaya wa maigidanki tun yanzu cewa kowa ake yi wa, ba zargi ba ne. In duk waɗannan suna hannu ranar da sakamako ya iso, sai a tsayar da ranar farawa nan take. Idan kuna da burin ƙarin haihuwa, ku yi wa likita maganar kafin allurar farko, don wasu magungunan suna taɓa wannan fannin.

Wuraren da ake neman irin wannan kulawa daga Daura su ne Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, inda aka ƙaddamar da cibiyar masu ciwon daji a 2025, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Samfurin yana iya yawo, amma majinyacin ya tsaya wuri ɗaya. Duk sabon asibiti sabon fayil ne, sabon layi, wani lokaci da sake gwajin da aka riga aka biya. Ku zaɓi inda za ku iya zuwa duk bayan mako biyu ko uku har kusan wata shida ba tare da kun gaza ba.

Akwai kuma alamun da ba a jira musu ranar asibiti, ki riƙe su da kyau tunda ke ke kwana da shi. In fuskarsa ko wuyansa suka kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya musamman in ya kwanta, ko haɗiya ta gagara. In ƙafafunsa suka yi sanyi ko suka mutu, ko bayansa ya riƙe da ciwo mai tsanani, ko fitsari ya ƙi fita ko ya ragu sosai. In zazzaɓi ya kai 38 da rawar sanyi, ko idonsa ya yi rawaya, ko ciki ya kumbura, ko jini ya riƙa fita ba dalili, ko ya fara ruɗewa. Ko da tsakar dare ne, sashen gaggawa za a nufa da duk takardunsa. Ki sayi ma'aunin zafin jiki, ki kuma riƙa auna nauyinsa sau ɗaya a mako ki rubuta. Likita ya fi saurin motsawa in an ce masa ya ragu kilo kaza a wata ɗaya fiye da in an ce ya rame.

Sai mu dawo gida. Hajiya uwa ce da ke kallon ɗanta yana narkewa, kuma maganarta tana da asali. Ta ga mutanen da aka kai asibiti bayan ciwo ya ci ƙarfinsu, aka yi musu aiki, suka rasu, sai laifin ya hau kan wuƙa. Gaskiyar ita ce cirar kaluluwa don gwaji ba ta watsa limfoma, kuma ita wannan cutar ba da tiyata ake maganinta ba, da magani ne ta jijiya, wani lokaci da gashin da ake yi da hasken na'ura. Amma wannan bayanin kada ya fito daga bakinki, ƙanwata. Suruka ba ta cin gardama da uwar miji, ko ta ci ta yi asara. Ɗanta ne zai faɗa mata, ko wansa, ko wani kawu ko malamin da take jin maganarsa. In da hali a tafi da ita ranar ganin likita, ta yi tambayarta da bakinta, a amsa mata da Hausa. Kada kuma a bar ta hannu rabbana. Addu'a, sadaka, saukar Alƙur'ani, tofi, abincin da yake so daga hannunta, duk nata ne, kuma yana buƙatarsu. Abin da za a roƙe ta a kai shi ne kada a yi masa sakiya ko tsaga ko ƙaho a kan kumburin, kada kuma a ba shi jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Rauni yana kawo ƙwayoyin cuta ga jikin da garkuwarsa ta yi ƙasa, jiƙo kuma in ya taɓa hanta ko ƙoda, likita zai ɗage kemo har sai sun farfaɗo, ga wani sabon jiran.

Wansa kuwa, a gode masa, ba kowane ɗan'uwa ke cewa a sayar da gona don ƙaninsa ba. Amma ko yau aka sauka Alƙahira, abin da za su fara nema shi ne dunƙulen kakin nan da sakamakon IHC, kuma ABVD da R-CHOP da za su ba shi su ne dai waɗanda ake bayarwa a nan. Ga neman biza, ga kuɗin jirgi, ga zaman watanni a ƙasar da ba ku da kowa. Gonar gado ma akwai haƙƙin sauran magada a kanta. Shawarata a dakata da maganar sayarwa har a san nau'in cutar. Sannan a nemi sashen magunguna na asibitin su rubuta kiyasin kuɗin zagayen gaba ɗaya, daga na farko har na ƙarshe, a zauna a matsayin dangi a ga yadda za a haɗa. Abin da ya fi cutar da masu wannan ciwo a wajenmu shi ne a fara da ƙarfi, a yi zagaye biyu, kuɗi su yanke, a tsaya, cutar ta dawo ta fi da taurin kai. In maigidanki ma'aikacin jiha ne ko na ƙaramar hukuma, ya bincika rajistarsa da KATCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Katsina, a tambaye su dalla-dalla abin da suke ɗauka da wanda ba sa ɗauka. Asibitocin koyarwa kuma suna da sashen jin daɗin marasa lafiya da ke duba halin masu ƙaramin ƙarfi. In daga baya likitan jini da kansa ya ce akwai abin da sai a waje, lokacin maganar Masar ta zo. Yanzu dai wansa shi ne mutumin da ya dace ya ɗauki aikin bin sawun samfurin. Namiji ne babba, yana da zafin nema, kuma in shi ke gaba babu mai cewa kin yi gaban kanki.

Maigidanki na bari a ƙarshe don shi ne mai ciwon, kuma a wasiƙarki shi ya fi kowa ƙarancin magana. Mutumin da ya ce a bar likitoci su yi aikinsu, wataƙila kawaici ne, wataƙila kuma muddin sakamako bai zo ba yana jin kamar abin bai tabbata ba. Saukar kumburin nan ma ta ba shi abin riƙewa, ki yi hankali yadda za ki karɓe masa shi. Ki same shi ku biyu, ba a gaban Hajiya ko yara ba, kada ki fara da abin da ya kamata ya yi. Ki tambaye shi me ya fi damunsa. Zai yiwu kuɗi ne, ko aikinsa, ko ku da yaran. Sannan ki ce masa ba ki zargin likitoci da komai, so kike kawai a san inda samfurin yake da ranar da zai dawo, ki nemi izininsa ki raka shi. Izinin nan yana da muhimmanci ko a asibiti, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba majinyaci haƙƙin a yi masa bayanin halin da yake ciki da hanyoyin maganin da ake da su, amma haƙƙin nasa ne, sirrin ma nasa ne. Ya kuma nemi takardar likita ya kai wurin aiki tun yanzu, kafin fashin zuwa makaranta ya zama matsala.

Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka kada a ware masa kwano ko a hana yara zama kusa da shi. Ki gaya musu daidai hankalinsu cewa Baba ba shi da lafiya, likitoci suna bincike, za a fara masa magani. Ke ma ki sami mutum ɗaya daga danginki, yayarki ko mahaifiyarki, da za ki riƙa sauke wa abin da ke ranki, wadda kuma za ta riƙe yaran ranakun asibiti, don tafiyar nan ta watanni ce kuma ba za ki iya ita ke kaɗai ba.

Yau da dare ki tattara takardun duka a jaka ɗaya, ki ɗauki hotonsu a waya, ki sami ɗan littafi ki jera ranakun tun daga fitowar kaluluwar. Gobe maigidanki ya kira wansa. Ranar aiki ta farko mai zuwa ku kama hanya da sassafe da kwalin dekzar a hannu, ku fara da likitan da ya yi aikin, sannan sashen gwajin tsoka, kada ku baro asibitin sai da rana a rubuce. In sakamakon ya fito ki sake rubuto mini abin da aka rubuta a kai harafi da harafi, mu duba tambayoyin da za ku yi wa likitan jini. Allah Ya ba shi lafiya mai ɗorewa, Ya ba ki ladan jinya.